Ranar da Kulocin Gimbiya Ya Kwanta

Mijin yayata mai gyaran agogo ne, kuma da a nan ya tsaya da babu wanda zai ji kanmu. To amma ina! Mutumin nan ya yarda har cikin ransa cewa duk wani abu mai haƙora da ke juyawa a duniyar nan ɗan'uwan agogo ne, saboda haka aikinsa ne. Ya taɓa kwance keken ɗinkina wai zai saurari numfashinsa, sai da na yi sati biyu ina ɗinkin hannu. Ya kwance fankar ɗakinsu, yau shekara uku ke nan tana hura wa rufi iska, mutane na gumi a ƙasa. Kowa a layinmu Mai Agogo yake ce masa. Shi kuwa in za ka bi ta tasa, Injiniya yake so a ce.

Sai kuma Allah ya haɗa shi da mota. Wata tsohuwa ce mai giyar hannu, ta girmi aurensa da Yaya nesa ba kusa ba. Ƙofofinta na baya ba sa buɗuwa sai daga waje, lambobin da ke kan sandar giya sun goge tuntuni, batirin kuwa sai ya ga dama. Ya raɗa mata suna Gimbiya.

"Mota ai agogo ce babba," in ji shi kullum, yana shafa mata kai da tsumma. "Kunne kawai take so. Wanda ya iya jin bugun agogon hannu, wace mota ce za ta ɓoye masa ciwonta?"

Ita kuwa Yaya kajin ƙwai take kiwo a bayan gida. Da kaji goma sha biyu ta fara. Shekara biyu tana tashi tun kafin gari ya waye, tana share keji, tana jinyar kaji kamar 'ya'yanta, tana bin shaguna da kiret ɗaya ko biyu a ka. Ni da nake ƙaninta na san wahalar da ta sha, don ni nake ɗinke mata buhunan abincin kaji in sun yage. Ana nan sai mai gidan burodin bakin babban titi, wanda ke yin kek, ya ce ta kawo masa ƙwai kiret ashirin ranar Asabar kafin ƙarfe goma. In sun zo lafiya kuma a kan lokaci, ita ce mai kawo masa duk sati. In goma ta gota ko da minti ɗaya, akwai wani mai gona da ya daɗe yana yi masa naci. Mutumin kuwa kowa ya san shi, ba ya wasa da lokaci. Ba ya duban waya, ba ya duban agogon hannun kowa, agogon bangon shagonsa kaɗai ya sani.

Yaya ta ce za ta ɗauki motar haya. Da ka ga fuskar Mai Agogo sai ka ce zaginsa aka yi.

"Motar haya? Gimbiya tana tsaye a ƙofar gida? So kike a yi da ni a gari? Mai burodin nan ma mutumina ne, ni na gyara masa agogon bangon nan watan jiya. Yana ganina zai karɓi ƙwanki ko bai duba ba."

"Baban yara, bakanike fa ya ce wayar kulocinta saura ƙiris ta tsinke."

Nan ta taɓo masa inda yake ciwo. Garejin bakaniken yana kallon gidan burodin ne, titi kawai ya raba su, kuma tsakaninsa da Mai Agogo ba a ga-maciji tun ranar da ya ce masa a gaban mutane ya tsaya a kan agogo ya bar wa masu mota mota.

"Wannan mai baƙin farcen?" in ji Mai Agogo. "Na riga na gyara kulocin da hannuna. Ya fi sabo."

Ranar Alhamis ya faɗi haka. Ranar kuma aka nemi wayar shanyar Yaya sama da ƙasa aka rasa, ta shanya kayan yara a kan katanga tana ta tsine wa ɓarawon.

Asabar da ƙarfe takwas da rabi aka kira ni in zo in riƙe ƙwai. Muka jera kiret-kiret a kujerar baya, tsibi biyu, ɗaya bayan direba ɗaya bayan Yaya, aka bar mini wani ɗan tsukin wuri a tsakiya. Mai Agogo ya fito da farar riga sabuwar guga, agogo biyu a hannu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya tsaya yana ƙirga kiret da yatsa.

"Ashirin da ɗaya! Maman yara, ashirin aka ce miki. Ko ƙirga ma sai na koya miki?"

"Bar shi haka nan," in ji Yaya. Ta ɗora na ƙarshen a saman tsibin da ke bayan kujerarsa.

Na shiga, aka rufe ni daga waje. Ya zauna, ya gyara madubi, ya kalli mai aski da ke gefen layi yana aske wa mai shago kai a kan benci.

"Ku duba agogonku," ya ce musu. "Minti goma sha biyar mun isa. In ƙwai ɗaya ya fashe, ku daina kirana Injiniya."

"Da ma wa ke kiranka?" in ji mai aski.

Gimbiya ta tashi a murɗa ta biyu. Ya taka kuloci don ya sa giya, sai muka ji wani ɗan sauti, tas! kamar an tsinke zare. Ƙafarsa ta tafi ƙasa. Ya ɗago ƙafar, kulocin bai biyo ta ba. Ya sa yatsan ƙafa ya ɗago shi, ya sake shi, ya koma ya kwanta abinsa.



"Mijin Yaya," na ce, "wannan ƙarar kamar na san ta. Ba wayar shanya ba ce?"

Yaya ta juyo a hankali ta dube shi. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Wayar shanyata? Wadda na kwana biyu ina tsine wa ɓarawonta?"

"Waya ai waya ce," in ji shi. "Kuma ba ta tsinke ba, hutawa ta yi."

Yaya ta buɗe ƙofa ta fita, ta nufi bakin layi neman motar haya. Mai aski ya matso da askarsa a hannu, mai shago ya biyo shi da rabin kai a aske, rabi da kumfa. Matan maƙwabta suka fara leƙowa. Ganin an taru, sai Mai Agogo ya ji daɗi, ya kashe mota, ya fito da gwiwar hannu ta taga.

"Ku matso ku sha karatu kyauta. Kuloci na 'yan koyo ne. Direba na gaske ba ya buƙatarsa. Ka sa ta a giya ɗaya tana kashe, ka murɗa makulli, ta tashi da tafiyarta. Daga nan sai kunne. Ka ji injin ya kai inda ya kai, ka zare giya, ka tura ta gaba, ta shige sumul kamar haƙorin agogo."

"Ka taɓa yi?" in ji mai shago.

"Na taɓa gani."

"In za ka tsaya fa?"

"Wa ya ce maka zan tsaya?"

Na ce a buɗe mini in fita. Babu wanda ya saurare ni. Ya kama sandar giya ya tura ta wani lungu, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Gimbiya ta yi wani tsalle, amma da baya. Kafin ka ce me, mun tafi da bencin mai aski, kwanon kumfa ya tashi sama, madubinsa ya faɗi ya dare biyu. Motar ta mutu a jikin katanga. Ni kuwa na buɗe hannuwa na rungume tsibin ƙwai biyu, ina jin suna rawa a haƙarƙarina.

"Madubina!" in ji mai aski.

"Gwaji na yi," in ji Mai Agogo. "Yanzu na tabbatar ribas tana aiki."

Ya sake lalubo wata giyar. Wannan karon da ya murɗa makulli, batirin ya yi wani nishi, wur, wur, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Har na fara murna ta ƙi. Sai ta yi tari, ta zabura gaba, ta kama.

"Alhamdu lillahi! Tela, ka ji batirin nan? Wannan ne tashinta na ƙarshe yau. In ta mutu, ta mutu. Saboda haka babu tsayawa sai gidan burodi."

"To Yaya fa?"

Yaya na bakin layi tana ɗaga wa wata motar haya hannu, sai ga ƙwanta sun zo za su wuce ta. Mai Agogo ya miƙa hannu ya tura ƙofar gaba.

"Maman yara, shigo! Shigo da gudu!"

"Ka tsaya mana!"

"Ba ta tsayawa!"

Ban taɓa ganin Yaya tana gudu ba tun muna yara. Ta tattare zane, ta bi motar tana kiran sunan Allah, matan layi na ihu suna "Kama ƙofar! Kama ƙofar!" Ta kama, ta faɗo ciki, takalminta ɗaya ya zauna a titi. Na waiga na hango mai shago da rabin kansa yana ɗaga takalmin sama.

Ta daɗe tana haki kafin ta iya magana.

"Wallahi in ƙwan nan suka fashe, kai da motarka ku nemi wurin kwana."

"Kwantar da hankalinki. Yanzu ki yi shiru, zan saurari injin."

Muna ta rarrafe a giya ɗaya, injin na kuka kamar ana yanka shi, masu keke suna wuce mu suna waige. Ya karkatar da kai, ya lumshe ido ɗaya irin yadda yake yi in ya kara agogo a kunne. Can ya ce, "Yanzu!" ya fizgi sandar giya. Ƙarar da ta fito, ƙurrrr, sai da haƙorana suka yi tsami. Wani kare da ke kwance a bakin titi ya tashi ya ruga.

"Ta shige sumul," na ce.

"Kai ka yi magana ka ruɗa mini kunne."

A gwaji na huɗu giya ta biyu ta shiga, ko don ta gaji da azaba ne. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana jiran yabo. Yaya ta nuna masa gaba da yatsa. Tudun rage gudu ne, guda uku a jere, a gaban wata makaranta. Ya rage totur, motar ta fara shure-shure za ta mutu, ya sake takawa. Muka hau na farko, kaina ya gaisa da rufi. A na biyu na dafe tsibin dama da goshi. A na uku ban san me na yi ba, amma na ji Yaya tana cewa, "Ɗan'uwana, riƙe, Allah ya yi maka albarka, riƙe!"

Ko ɗaya bai fashe ba. Ni dai na san ba aikin direba ba ne.

Sai ga danja ta nuna ja, motoci sun yi layi. Na ce to yau ƙarya ta ƙare. Ashe ban san mutumin ba. Ya karya sitiyari dama, ya shige wani lungu da ba mu da haɗi da shi.

"Ina kuma za ka?" in ji Yaya.

"Yanke ne."

Yanken ya fitar da mu bayan kasuwa. Can muka tarar da mai kurar ruwa ya tare hanya, ya sake karyawa hagu. Muka haɗu da masu gyaran kwalbati, ya sake karyawa. Duk abin da ya tsaya a gabanmu, sai mu kauce masa mu ƙara nisa. Muka wuce wani shagon katifa. Bayan ɗan lokaci muka sake wuce wani shagon katifa.

"Garin nan akwai masu katifa," in ji Mai Agogo.

"Shi ne dai na ɗazu," na ce. "Ga shi can yana ɗaga mana hannu."

"Ƙarfe nawa?" in ji Yaya.

Ya dubi hannun dama. "Tara da kwata." Ya dubi na hagu. "Ko tara da rabi. Tsakanin nan dai."

Na lalubo wayata da ƙyar. Goma saura minti ashirin. Yaya ta ji, ta dafe kai. Dafe kan nan nata ya fi mini zagi ciwo, don na tuna yadda ta kwana uku tana zaɓen ƙwan nan ɗaya-ɗaya tana gogewa da tsumma. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da hannuna ba a cike yake ba da na ja kunnen mijin nan nata, girma ko ba girma.

Da ƙyar muka fito babban shataletale. Daga nan titi ɗaya ne miƙaƙƙe zuwa gidan burodi. Amma bakin titin a cushe yake, wata babbar mota tana ƙoƙarin juyawa, motoci sun yi cirko-cirko a bayanta. Ɗan sanda mai ba da hannu yana tsaye a gefen da'irar, ya ɗaga mana tafin hannu.

"Tsaya!"

"Ranka ya daɗe, ina zuwa!" in ji Mai Agogo, ya bi da'irar.

Muka zagayo. Ɗan sandan ya ga motar da ya tsayar ta sake ɓullowa, ya hura usur.

"Na ce ka tsaya!"

"Ba ni ba ne, ita ce ba ta..." Mun wuce.

A zagaye na uku Yaya ta fito da kai ta taga. "Yallaɓai, ƙwai ne! Ƙarfe goma!"

Masu jiran mota a gefen titi sun fara ƙirga mana. Da muka ɓullo suka haɗa baki, "Huɗu!" Ɗan sandan ya ɗan bi mu da sassarfa yana leƙen cikin motar.

"Kuloci ne?"

"Kuloci ne!" na ƙwala daga baya.

"Dabara ce!" in ji Mai Agogo.

"Biyar!" in ji jama'a. Wani mai sayar da jarida har da tafi. Ni kuwa kaina ya fara juyawa, ƙwai sun karkata gefe guda, ina tokare da su da kafaɗa. A zagaye na shida muka tarar ɗan sandan ya tsayar da babbar motar, ya kori masu babur, ya buɗe mana wata 'yar hanya. Muna shigewa ya sunkuyo wajen tagar Yaya yana gudu.

"Baiwar Allah, albarkacinki ne! Shi kuwa na riƙe lambarsa!"

"Kun gani?" in ji Mai Agogo da muka miƙe. "Har hukuma ta san ni."

Wayata ta nuna goma daidai muna tsakiyar titin. Ban faɗa wa Yaya ba. Da muka hango allon gidan burodin goma ta wuce da minti biyar. Na ce a raina ko ba komai a sauke ƙwan nan, a roƙi mutumin, wataƙila ya ji tausayi. Mai burodin yana tsaye a ƙofa da farin ƙyallen aiki a ƙugu. Yaya ta gyara ɗankwali, ta kama hannun ƙofa.

Muka wuce shi.

"Baban yara! Ga shi nan! Ka wuce!"

"Na gani."

"To tsaya mana!"

Na bi inda idonsa yake, sai na gane. A tsallaken titi bakanike ne zaune a kan tsohuwar taya, da kofin shayi a hannu, shi da abokan aikinsa da masu kawo gyara, sun zuba mana ido.

"In na tsaya a nan," in ji Mai Agogo a hankali, "ba za ta sake tashi ba. Sai an tura ni. A gaban mutumin can."

"To sai me?"

"Ba zai yiwu ba. Ga dabara. Zan zagayo, in rage gudu, Tela ya riƙa miƙa kiret ta taga, ma'aikatan burodi suna karɓa. Zagaye ashirin mun gama, mu wuce gida, babu wanda ya san abin da ya faru."

"Mijin Yaya," na ce, "gilashin bayan ma ba ya sauka. Kai ka gyara shi."

Ya zagaya ta bayan ginin ya sake fitowa. Yanzu duk garejin sun miƙe tsaye. Ma'aikatan burodi sun fito da gari a hannu. Bakanike ya ajiye kofinsa, ya kewaye baki da tafin hannu.

"Mai Agogo! Yaya wayar kuloci?"

"Lafiya lau take! Iska muke sha!"

"Da giya biyu?"

Muka sake wuce ƙofar. Yaya ta juyo ta dubi mijinta, idonta ya kawo ruwa.

"Shekara biyu ina kwasar kashin kaji saboda ranar nan. Kai kuma kunyar mai shan shayi kake ji. Za ka tsaya ko ba za ka tsaya ba?"

"Maman yara, ki fahimce ni, zagaye ɗaya kawai..."

Muka ɓullo karo na uku. Daidai ƙofar gidan burodin Yaya ta ce, "Ɗan'uwana, riƙe da kyau." Ta miƙa hannu ta murɗe makullin, ta zare shi.

Gimbiya ta shaƙe, ta yi shure-shure. Mai Agogo ya ruɗe, ya taka mataccen kuloci, bai ji komai ba, sai ya haɗa ƙarfinsa duka ya danna birki. Motar ta kafe wuri ɗaya. Na rungume tsibi biyu da hannu da ƙirji da haɓa, duk suka tsaya. Sai na saman nan, wanda ke bayan kujerarsa, da hannuna bai kai gare shi ba. Na gan shi ya zame a hankali, ya haye kan kujera, ya kife a kan direba.

Ƙwai talatin ne a kiret. Babu wanda ya kuskure shi.

Titi ya ɗauki ihu. Bakanike ya tsallako yana dariya har yana dafe ciki, shi ya buɗe mini ƙofa daga waje. Mai Agogo ya fito, gwaiduwa na bin farar rigarsa, ɓawo a kan kunnensa, agogunansa biyu sun yi wanka. Yaya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta taka da takalmi ɗaya har gaban mai burodi ta gaishe shi. Shi kuwa ya juya ya ɗaga kai ya dubi agogon bangonsa. Ni ma na duba.

Goma saura minti uku.

"Kin cika alkawari," in ji mai burodi. "Da ƙyar."

"A'a," in ji bakanike yana duban wayarsa, ba da mugunta ba, bakinsa ne dai ba ya riƙe magana. "Goma da minti goma sha biyu nake gani a nan."

Wasu ma suka duba nasu, aka fara gunaguni. Yaya ta sunkuyar da kai. Mai burodi ya haɗe gira, ya dubi agogon, ya dubi mutumin da ƙwai ke ɗiga daga haɓarsa.

"Kai ka gyara mini agogon nan watan jiya. Daidai yake ko ba daidai yake ba?"

Ni dai tunda nake ban taɓa roƙon Allah ya sa mijin Yaya ya cika baki ba sai ranar. Bai ba ni kunya ba. Ya share gwaiduwa daga ido, ya buɗe ƙirji.

"Agogon da na gyara da hannuna? Ko duk wayoyin garin nan za su taru, su ne suka yi ƙarya. Wannan agogon ko daƙiƙa ba ya saɓawa!"

Mai burodi ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi ƙafar Yaya marar takalmi. Na ga gefen bakinsa yana motsi.

"To, ni da agogona nake aiki. Amma ashirin na ce, ga shi ɗaya ya ƙare a kan maigida."

"A ƙirga," in ji Yaya.

Ma'aikata suka shiga sauke kiret, mai burodi yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi kamar yadda aka ƙirga mana zagaye. Goma sha takwas. Goma sha tara. Ashirin. Ko tsagewa babu.

Mai Agogo ya buɗe baki. "To ai... na ɗayan fa? Da ma na ce kin yi kuskuren ƙirga."

"Ban yi kuskure ba," in ji Yaya. "Shekara goma sha tara ina zaune da kai. Tun jiya na ware maka naka."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a mota sai da suka rage gudu. Mai burodi ya ce ta kawo ashirin duk Asabar, amma da sharaɗi ɗaya, a motar haya. Yaya ta ce ko bai faɗa ba. Ta juya ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauka ban gani ba. Daga nan ta miƙa wa bakanike makullin Gimbiya a gaban kowa, ta ce in ya ciro wayar shanyarta ya aiko mata da abarta.

Mu huɗu muka tura motar zuwa tsallaken titi, ni da bakanike da ma'aikatan burodi biyu. Mai Agogo ya ce ba mai taɓa masa sitiyari, don haka shi ya zauna a ciki, ƙudaje na binsa. Muna cikin turawa, ina gumi ina haki, ƙugu ya riƙe, sai ya leƙo da kai ta taga, ɓawon ƙwai na nan a kunnensa.

"Tela, kai ne shaidata in mun koma layi. Tun daga gida har nan, ka ga na yi amfani da kuloci ko sau ɗaya?"